Na mutum ɗaya aka ce ka juya, ka kwashe na kowa

Wallahi yau raina a ɓace yake. Kwana uku cur babu imel ko ɗaya da ya shigo min daga waje, ina zaune ina ta latsa waya ina tsine wa netwok, ashe netwok bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wani abokin aikinmu ne ya ajiye aiki, oga ya ce wa yaron da ke kula da kwamfutocin ofis ya juya saƙonnin mutumin zuwa akwatin akanta, kar kwastomominsa su ɓace mana. Shi kenan fa aikin. Google Workspace, wato tsarin imel na Google na kamfanoni, muke amfani da shi, kuma in za ka kafa irin wannan doka ta juya saƙo ai akwai wurin da za ka ce adireshin wane kaɗai za ta shafa, ko ka ware mutum a ƙaramin rukuni. Gogan naka bai cike wurin ba, ya ɗora dokar kan babban rukunin da kowa ke ƙarƙashinsa, sannan maimakon ya zaɓi a aika kwafi sai ya zaɓi a canza mai karɓa gaba ɗaya. To duk abin da aka turo wa kowa, har oga, akwatin akanta ya zarce, ita kuwa tana hutun haihuwa, wa zai buɗe?

Abin da ya fi ƙona min rai, wanda ya turo ba ya samun alamar saƙonsa bai iso ba. Wani Alhaji da na yi wata biyu ina lallaɓawa ya turo odar kaya ran Litinin, ya ji shiru, yau na kira shi yana ce min "ɗana ai na ɗauka kun ƙoshi ne, na ba wasu." Haba!

Na je na sami yaron yana cin gyaɗa, wai ya gyara amma Google sun ce canji kan iya ɗaukar awa 24, in yi haƙuri. Ko gwaji ɗaya da wayarka ba ka iya yi ba ranar da ka kafa ta? Yanzu sai kiran baiwar Allah muke tana jego, tana tono saƙonninmu ɗaya bayan ɗaya tana turo mana, jariri na tsala kuka a waya.