Gidan da aka haifi Daniel Boone ya sake kama sau biyu

Na gode da wannan rahoto kan gidan su Daniel Boone, shahararren mafarauci kuma mai binciken dazuzzukan Amurka, da ke ƙaramar hukumar Berks a jihar Pensilbaniya ta Amurka. Sai dai inda kuka ce ginin dutsen da ke wurin a yau shi ne ainihin inda aka haife shi, akwai ɗan gyara.

Mahaifinsa, Squire Boone, masaƙi ne kuma maƙeri. A 1730 ya gina ƙaramin gida da gumaguman itace, a nan aka haifi Daniel a 1734, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Abin da ya rage daga wancan gini na farko shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa na dutse, wanda aka ɗora a kan idon ruwa. Wannan ɗaki ya fi komai taɓa ni. Ruwan sha na cikin gida, sanyinsa kuma yana adana madara da abinci, ba sai an fita waje cikin hunturu ba. Dabara ce ta mutanen da suka san wahala.

Da iyalin suka yi ƙaura zuwa Karolina ta Arewa a 1750, William Maugridge ya karɓi gidan ya faɗaɗa shi. Daga 1770 kuma John DeTurk, manomi, ya mallake shi, ya maye bangon itace da dutse. Ke nan hannun gida uku ne a jikin gini ɗaya.

Don Allah in za ku sake wallafa hotuna, ku nuna mana ɗakin ƙasan nan da ruwansa.