Karatu daga gida: Kada a bar iyaye da kayan da ba nasu kaɗai ba

Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, hukumar UNESCO ta ce a watan Afrilu ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a gida. An yi ta maganar kwamfuta da intanet da manhajar Zoom, amma ba a cika tambayar wa zai zauna kusa da yaron ba. Uwa ce ko uba, waɗanda su ma a daidai wannan lokacin ake jiran su a wurin aiki. Har yau, duk sanda ambaliya ko tsananin zafi ko wata cuta ta mayar da karatu gida, wannan matsala ce ke dawowa, kuma a ganina an ɗora ta a kan iyaye kawai, alhali makaranta da masu ɗaukar aiki suna da kaso mai tsoka a cikinta.

Ku dubi yaro ɗan shekara bakwai da aka ce ya shiga darasi ƙarfe tara. Ya manta lambar sirri. Da ya shiga, malama tana tambayarsa, yana amsawa, ba ta jin sa domin bai buɗe makirufo ba. An ce a buɗe shafi na goma sha biyu, shi littafin ma bai gan shi ba. A ɗaya ɗakin kuma mahaifiyarsa tana taro da shugabanta, tana jin "Mama, zo ki gani" karo na uku. Kowane kira minti biyu ne, amma idan hankali ya watse, sai an daɗe kafin ya koma kan aiki. Ɗan sakandare zai iya ji da kansa, ɗan aji ɗaya kuwa sai da babba a gefensa.

Wannan ma ga masu aiki daga gida ke nan. Ma'aikaciyar jinya da direba da mai gadi dole su fita, kuma a gidaje da yawa wayar da yara za su yi karatu da ita tana aljihun wanda ya fita. A watan Agustan 2020, UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463 ba su da hanyar bin darussan da ake koyarwa daga nesa.

Shawarar da aka fi ba iyaye ita ce su tsara jadawali, su ware wa yaro wurin zama, su raba safe da yamma tsakanin miji da mata. Ban raina wannan ba, yana rage hayaniya ƙwarai. Sai dai jadawali ba ya ƙara awanni a yini, kuma taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Idan darasi da taron ofis duk ƙarfe tara ne, dole ɗaya ya sha kashi, kuma galibi aikin uwa ne. Tun a 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da iyali da ba a biya. Uban da ya rufe ƙofa ya ce yana aiki, ya sani cewa da lokacin matarsa ya sayi wannan shirun.

Abin da makaranta za ta iya yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A naɗi darasi a aika, yaro ya kalla lokacin da babba ya samu sarari. A ba da aikin mako gaba ɗaya tun ranar farko, a wuri guda, kada malamai shida su aiko da saƙo ta hanyoyi shida. Na san malamai za su ce haɗuwa kai tsaye ta intanet ita ce ke sa su gane wanda bai fahimta ba, kuma gaskiya ne. To a bar ta, amma gajeriya, cikin ƙananan rukunoni, kuma kada a hukunta yaron da ya makara saboda mahaifinsa ya fita da waya. Wani bincike na masana daga Jami'ar Oxford a kan ɗaliban firamare na ƙasar Holan, inda intanet ya wadata, ya gano cewa a makonni takwas na rufe makarantu kusan ba su ƙaru da komai ba, kuma asarar ta fi yawa da har zuwa kashi 60 cikin ɗari a gidajen da iyaye ba su yi zurfin karatu ba. Tsarin da ya dogara ga iyaye kaɗai, ɗan talaka yake cuta.

Masu ɗaukar aiki kuma su auna ma'aikaci da abin da ya kammala, su daina ƙirga awannin da ya yi gaban kwamfuta. Ƙaramin kamfani ba zai iya ɗaukar albashin wanda ba ya aiki ba, shi ya sa gwamnati take da rawar takawa. A 2020 Jamus ta biya iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 12 kashi 67 cikin ɗari na albashin da suka rasa saboda rufe makarantu. Amurka ta yi dokar hutun makonni 12 da kashi biyu cikin uku na albashi ga ma'aikatan kamfanonin da ba su kai mutum 500 ba, amma ta ƙare a ƙarshen shekarar. Irin waɗannan dokoki ya kamata a rubuta su tun makarantu suna buɗe, ta yadda ranar da aka ce yara su koma gida, uwa za ta san abin da za ta faɗa wa shugabanta da safe.