Don Allah ku daina yi wa Mark Twain ƙarya

Jiya da daddare wani abokina ya ɗora hoton wani tsohon Bature a WhatsApp, farin gashi buzu-buzu, gashin baki kamar tsintsiya, a ƙasa an rubuta wai ƙarya tana zagaye rabin duniya kafin gaskiya ta gama saka takalminta, aka sa sunan Mark Twain, marubucin nan na Amurka. Wallahi dariya na yi har uwargida ta leƙo tana tambaya lafiya. Ai masu bin diddigi sun bi littattafansa da wasiƙunsa kaf ba su ga inda ya faɗi maganar nan ba, kun ga ke nan maganar da ake yi a kan ƙarya ita kanta da ƙarya aka liƙa masa.

Abin yana min ciwo fa. An mayar da dattijon nan tamkar injin buga kalaman hikima, duk wanda ya ga wata magana mai daɗi marar uba sai ya manna mata hotonsa. Ni kuma abin da ya sa nake ganin girmansa ba barkwancin ba ne. Yaro ne da aka haifa a gidan da ake mallakar bayi, a gida da makaranta da coci duk an koya masa cewa hakan daidai ne, shi da kansa ya ce yana ɗan makaranta bai taɓa jin bauta laifi ba ce, amma ya girma ya zauna ya warware wannan karatun da hannunsa.

Sunansa na yanka Samuel Clemens. An haife shi ran 30 ga Nuwamba 1835 a wani ƙauye a jihar Misuri, ya tashi a Hannibal a bakin kogin Misisipi. Babansa ya rasu 1847 yana ɗan shekara 11, ba a jima ba aka kai shi koyon jera haruffa a maɗaba'a, karatun boko ya ƙare ke nan. Duk digirin da za ku ji an ce yana da shi na girmamawa ne, har da wanda Jami'ar Oxford ta ba shi a 1907. Daga nan ya koyi tuƙin jirgin ruwa mai tururi, ya samu lasisi a 1859, kuma a kogin ya tsinci sunan da duniya ta san shi da shi. Akwai mai jefa igiya yana auna zurfin ruwa, idan ya samu gaba biyu, irin dai gabar da masu haƙar rijiya ke aunawa da ita, sai ya ɗaga murya ya ce "mark twain", wato jirgi zai wuce ba zai kafe ba. Shi ke nan asalin sunan.

Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, jirage suka tsaya. Ya shiga ƴan sa-kai na ɓangaren Kudu, masu kare bauta fa, ya yi kamar sati biyu ya ga ba zai iya ba ya cika wandonsa da iska. Ya bi yayansa Nevada haƙar azurfa, bai samu ko sisi ba, ya koma aikin jarida. Labarin wani kwaɗo mai tsalle da aka ɗura wa harsashin gubar bindiga a ciki don kar ya ci gasa, shi ya fito da sunansa a 1865.

Kowa ya san Tom Sawyer na 1876, yaron da aka sa shi fentin shinge a matsayin horo ya yi wa abokansa wayo har suna ba shi kayan wasansu don ya bar su su yi masa aikin. Yana da daɗi, ban musa ba. Amma littafin da nake so ku nema shi ne Huckleberry Finn da ya fito a Amurka a 1885.

Huck yaro ne ɗan mashayi, ba uwa ba tarbiyya, ya gudu daga dukan ubansa ya haɗu da Jim, bawan da shi ma ya gudu saboda ya ji uwargijiyarsa na shirin sayar da shi can ƙasan kogi nesa da matarsa da ƴaƴansa. Suka hau wasu katakai da aka ɗaure suna bin ruwa. To ga inda gwanintar take: Huck bai taɓa tunanin bauta zalunci ba ce. A ransa shi ɓarawo ne, ya sace dukiyar wata tsohuwa da ba ta yi masa komai ba, kuma abin da aka koya masa shi ne mai taimakon bawa ya gudu ɗan wuta ne. Zuciyarsa ta dame shi har ya ɗauki takarda ya rubuta wa matar inda Jim yake, ya ji sakayau kamar an wanke shi. Sai ya fara tuno dararen da Jim yake karɓar masa gadi don ya samu barci, da yadda yake ce masa ba shi da aboki sai shi. Ya riƙe takardar hannunsa na rawa, ya ce to shi ke nan, na yarda in shiga wutar, ya yaga ta. Na karanta wurin nan ya fi sau biyar kuma kullum sai tsigar jikina ta tashi, domin yaron ya yi abu mafi kyau a rayuwarsa yana mai yaƙinin cewa zunubi ya aikata, kuma marubucin bai fito ya ce mana komai ba, ya bar mu da shi kawai. Laburaren garin Concord ya hana ajiye littafin a shekarar da ya fito, wai harshen ƴan tasha ne.

Kar wani ya ɗauka waliyyi nake tallata muku. Ƙarshen littafin ni haushi yake ba ni, Tom Sawyer ya dawo ya mayar da ceton Jim wasan yara alhali ya san an riga an ƴanta shi, ƙarshe ya miƙa masa dala 40 kamar an biya wahalar. Kalmar nan ta zagin baƙar fata ta fito sama da sau 200, har yau ana rigima a makarantun Amurka a kan a koyar da shi ko a bari, kuma ban ga laifin uban da ya ce ba ya son a karanta wa ɗansa ita a aji ba. Littafin tafiyarsa na 1869, The Innocents Abroad, ya yi wa Larabawa da Turkawa da mutanen Falasɗinu kallon raini sosai, Musulmi zai karanta ransa ya sosu. Abin da ya rubuta a kan ƴan asalin Amurka jajayen fata shi ma abin kunya ne. Duk yana nan, ba a goge ba.

Sai dai mutumin bai tsaya inda ya fara ba, kuma wannan ne mutane ba sa ɗorawa a Facebook. A 1885 ya ɗauki nauyin wani ɗalibi baƙar fata mai karatun lauya a Jami'ar Yale, ya rubuta wa shugaban sashen cewa fararen fata ne suka murƙushe mutanen nan, kunyar tasu ce, su ya kamata su biya. Da ya tsufa ya zama mataimakin shugaban ƙungiyar masu adawa da mulkin mallaka a Amurka. A 1905 ya rubuta King Leopold's Soliloquy, inda ya sa Sarki Leopold na Beljiyam yana magana da bakinsa yana kare yadda ake yanke wa mutanen Kongo hannu a kan roba, yana tsine wa kyamarar Kodak wai ita ce kaɗai shaidar da ya kasa ba wa cin hanci. Kamfanin da ya saba buga masa littafi ya ƙi karɓa, masu fafutukar Kongo suka fitar da shi. A 1906 da sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan Musulmin Moro a cikin ramin wani dutse a Filifin, har da mata da yara, shugaban ƙasa Roosevelt ya aika da taya murna, Twain kuwa ya kira sojojin makasa masu kaki. Amma nan ma sai na ce kash, wannan bai bari an buga yana raye ba, ya ajiye a cikin tarihin rayuwarsa da ya ce a jira ya mutu tukuna. Tsoro ne ko lissafin kasuwa, ku yanke hukunci.

Maganar kasuwa, mutumin nan hannunsa ba ya riƙe kuɗi ko kaɗan. Ya zuba kimanin dala 300,000 na wancan zamanin a wani injin jera haruffa da kullum ana cewa saura kaɗan ya kammalu, kamfaninsa na buga littattafai ya karye a 1894. Doka ta sauke masa bashin, ya ce a'a. Yana dab da shekara 60 ya ɗauki jaka ya zaga Ostireliya da Indiya da Afirka ta Kudu yana tsayawa gaban jama'a yana ba su dariya a biya shi, har ya biya kowa haƙƙinsa cif. Yana gama zagayen, yana Ingila, aka aiko masa ƴarsa Susy ta rasu da sanƙarau tana da shekara 24. Matarsa Olivia ta bi a 1904, autarsa Jean mai farfaɗiya aka tsinci gawarta a bahon wanka ana gobe Kirsimeti a 1909. Cikin ƴaƴa huɗu ɗaya ce ta binne shi. Allah sarki. An haife shi shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana, ya ce da ita zai tafi, ta dawo a 1910, ya mutu ran 21 ga Afrilu.

Na dai tura wa abokin nawa saƙo na ce malam, maganar nan fa ba ta Twain ba ce, ka nemi Huckleberry Finn ka karanta, kyauta yake a intanet. Ya amsa min wai ai maganar gaskiya ce ko waye ya faɗa. Da safen nan na duba, bai cire hoton ba.