Ba kowane antibayotik ke yi wa yaro ba

Labarin nan naku a kan ciwon hanyar fitsari na yara ya taɓo ni, don bara na gan shi a kan 'yata mai shekara 3, nan Jidda. Zazzaɓi ne kawai, sai kuka in za ta yi fitsari. Maƙwabciyata ta kawo ragowar antibayotik ɗin Amoxil na ɗanta. Allah ya sa ban ba ta ba.

Likita ta fara karɓar fitsari kafin kowane magani, ta aika gwajin da ke nuna ƙwayar da abin da ke kashe ta, wanda kan ɗauki kwana 2. Ta ce yawanci ƙwayar cuta ce mai suna E. coli daga hanji, kuma sau da yawa Amoxil shi kaɗai ba ya kashe ta yanzu. Wani antibayotik mai suna cefixime aka ba mu.

Abin da ba ku ambata ba: antibayotik ɗin nitrofurantoin a mafitsara yake aiki, ba ya ratsa ƙoda sosai, shi ya sa ba a ba yaro mai zazzaɓi, don zazzaɓin na iya nuna ciwon ya kai ƙoda. Kuma shi da antibayotik ɗin Septrin kan farfasa jinin mai ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), abin da ya yawaita a cikinmu 'yan Afirka da Larabawan nan. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, asibiti ne kai tsaye.

Tun 2018 Saudiyya ta tsananta hana sayar da antibayotik babu takardar likita. Da na yi ta mita, wallahi. Yanzu kam na daina.