Faundeshan da konsila: ina ya kamata kuɗinki ya tafi?

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kwalbar faundeshan (man kwalliyar da ake shafawa don daidaita launin fuska) da a da mace za ta saya ba tare da dogon tunani ba ta koma abin da sai an yi shawara da aljihu, shi ya sa tambayar da 'yan uwa mata suka fi yi mini ita ce wanne ne ya cancanci kuɗinsa. Yawancinsu so suke in ambaci sunan kamfani su huta. Ni kuwa bayan shekarun da na yi ina yi wa kaina kwalliya, ina kuma yi wa ƙannena da ƙawayena lokacin biki, ra'ayina shi ne sunan da ke jikin kwalba ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba, domin komai tsadar faundeshan, idan bai dace da launin fatarki da yadda kike tafiyar da yininki ba, kin yi asara tun ranar da kika buɗe shi.

Babbar ɓarnar kuɗin da nake gani ita ce sayen launin da ya fi fata haske da gangan. Mace za ta shiga shago, mai shago ya miƙo mata wanda ya ɗara ta haske nesa ba kusa ba, yana cewa, "Hajiya, wannan ne zai fito da ke," ita kuma da yake dama abin da zuciyarta ke so ke nan, sai ta biya. Ranar taro sai a ga fuska ta yi fari kamar an barbaɗa toka, wuya da kunne da hannuwa kuwa suna nan da launinsu na asali suna tona asiri. Wannan son hasken shi ne dai ya jefa mata da yawa cikin shafe-shafen bilicin, har hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta bayyana lamarin a 2023 a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Aikin faundeshan shi ne ya daidaita launin fuska inda wani wuri ya fi wani duhu, kuma wanda ya dace da ke shi ne wanda idan kin shafa za ki neme shi ki rasa.

Samun wannan dacewar ya wuce a ce ke baƙa ce, ko fara, ko wankan tarwaɗa. Ana haɗa launin faundeshan ne daga farin sinadari da wasu sinadaran ƙarfe masu launin ja da rawaya da baƙi, kuma yawan kowanne a cikin haɗin ne ke sa kwalabe biyu masu duhu ɗaya su bambanta a fuska. Haka fatar mutum take: mata biyu za su iya zama duhunsu ɗaya, amma ɗaya akwai ja-ja a ƙarƙashin fatarta, ɗayar kuma rawaya-rawaya. Wannan ne ya sa kamfanin MAC yake rubuta NC a kan na masu rawaya, NW kuma a kan na masu ja. Idan aka kuskure wannan, ko duhun ya yi daidai, fuskar za ta fito toka-toka ko ta yi ja kamar jar ƙasa. A nan ne nake yarda cewa wani lokaci tsada tana da dalili, domin kamfanin da ya yi launuka masu yawa ya fi ba ki damar samun naki. Lokacin da Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da launi 40 a tashi ɗaya, abin ya girgiza kasuwa har sauran kamfanoni suka bi sahu, kodayake tun 1994 Iman 'yar asalin Somaliya ta kafa nata kamfanin don mata masu duhun fata. A gida Najeriya ma akwai House of Tara da Zaron, waɗanda tun asali fatarmu suka sa a gaba, kuma ina ganin rashin adalci ne yadda muke raina su don kawai ba sunan Amurka ko Faransa suke ɗauke da shi ba.

Yadda ake gwadawa ma yana da ka'ida. Bayan hannu ba ma'auni ba ne, don ya fi fuska shan rana da wanke-wanke. A gefen muƙamuƙi ake ja layi biyu ko uku, a fita daga hasken fitilar shago zuwa hasken rana, sannan a jira kamar minti ashirin, saboda wasu suna ƙara duhu ko su koma ja bayan sun haɗu da iska da maiƙon fata. Mai shagon da ya ƙi yarda ki gwada, ki ƙyale shi da kayansa.

Sai batun yanayi, wanda masu talla daga ƙasashen sanyi ba su san da shi ba. Faundeshan mai maiƙo da ƙyalli da ya zauna lafiya a fuskarki cikin hunturu, shi ne zai narke ya bi gumi a zafin Afrilu, ya tsaya a bakin hijabi ko gefen mayafi. Shi kuma marar ƙyalli, wanda ke shanye maiƙo a bazara, idan iskar hunturu ta busar da fata sai ya tsattsage a gefen baki da hanci. Mai maiƙon fuska ta fi dacewa da marar ƙyalli a yawancin shekara, mai busasshiyar fata kuma ta fara da man shafawa mai kyau kafin komai.

Akwai kuma abin da ban taɓa jin masu tallar nan sun ambata ba, wato alwala. Ana tsawwala kuɗin wasu kwalaben ne saboda an ce ruwa ba ya wanke su, ko suna kai awa 24 a fuska. To, macen da za ta yi azahar da la'asar a ofis ko a makaranta, me za ta yi da awa 24? Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya yi shamaki tsakanin ruwa da fata dole a cire shi kafin alwala, ke nan kin biya ƙarin kuɗi ne don ki sayi abin da zai ba ki wahalar gogewa a banɗakin ofis. Don kwalliyar yau da kullum, marar nauyi mai sauƙin wankewa ya fi amfani, kuma galibi ya fi araha. Irin su Maybelline Fit Me sun wadatar. Mai ƙarfin a ajiye shi don dina da kamu.

Idan har za a ƙara kuɗi a wani wuri, ni a konsila zan ƙara. Kwalbar faundeshan yawanci mililita 30 ce, konsila kuwa bai kai rabin haka ba, amma ɗigo kaɗan ake buƙata, kuma shi ne yake yin aikin da ya fi damun yawancinmu, wato rufe tabon kuraje da duhun ƙarƙashin ido da na gefen baki. Fata mai duhu tana saurin barin baƙin tabo bayan ƙurji ya warke, kuma lafta faundeshan a fuska gaba ɗaya don ɓoye tabo huɗu ko biyar almubazzaranci ne. Konsila mai kyau yana rufewa da shafa ɗaya, ba ya taruwa a layukan ƙasan ido bayan awa biyu, ba ya kuma bushewa kafin a baje shi. Na tabo ya zama daidai da launin fata, na ƙasan ido kuma ya ɗara haske kaɗan kawai. Inda duhun ya yi yawa, a fara ɗiga mai launin ruwan goro a bari ya zauna, sannan a ɗora konsila, in ba haka ba wurin zai fito toka-toka. Ko nan ɗin ma ba lallai sai mai tsada ba, domin L.A. Girl Pro Conceal yana cikin jakar masu kwalliya da yawa, matsalar kawai ita ce samun na ainihi.

Jabu ya cika kasuwa, kuma na taɓa faɗawa. Na sayi wata kwalba a wani shago a ƙasa da rabin kuɗinta ina murna na yi wayo, ashe araha ba ta ado: warinta kamar fenti, kuma cikin kwana uku goshina ya feso da ƙuraje. Yanzu ina duba lambar NAFDAC, ina duba ko ruwa da mai sun rabu a cikin kwalbar saboda zaman rana, ina kuma duba ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwanin da ke jiki mai rubutun 6M ko 12M, wanda ke nuna watannin da za a iya amfani da kayan bayan an buɗe. Wadda ba ta kwalliya sai biki zuwa biki, babbar kwalba za ta lalace a hannunta kafin ta ci rabi.

Amare kuma ina roƙonku ku gwada kwalliyarku da hasken kyamarar waya a ɗaki mai duhu tun kafin ranar, domin wasu fararen hodoji da wasu faundeshan masu kariyar rana suna mayar da hasken, fuska ta fito fari fat a hoto alhali a ido lafiya lau take. Haka ta faru da ƙanwata a daren dinarta, kuma har yau hotunan suna cikin akwati, ta hana a rataye ko ɗaya a falo.