Ba a yanke fim ɗin ba

Wani abokina a nan Sakkwato ya koma wurin mai tura fina-finai a waya yana faɗa, wai fim ɗin David Lynch da aka tura masa bai cika ba, an yanke tsakiyarsa. Ba a yanke komai ba, haka daraktan fim ɗin yake aikinsa. Lynch, Ba'amurken da ya rasu a Janairun 2025, da zane ya fara, shi ya sa hoto da sauti suka fi damunsa a kan jeranta labari. A fim ɗin da aka tura wa abokina, wato Mulholland Drive na 2001, ana buɗe wani shuɗin akwati sai sunayen mutanen fim ɗin su sauya, kamar a mafarki. Daidai nan aka ɗora wa mai turi laifi, bawan Allah. Shi kuwa Lynch, ko an tambaye shi ma'anar, ba ya faɗa.