Expoze na rukuni, wa ke karanta littafin?

Jama'a yau maganata kan wannan aikin rukunin ne da ake ba yaranmu a lise, expoze ɗin nan da ake haɗa yara bakwai ko takwas a ce su je su karanta littafi su zo su yi bayani gaban aji. Aikin shi kansa ba ni da ja da shi, yadda ake yinsa ne ya dame ni, don duk wanda ke da yaro a sakandare nan Garwa ta Kamaru ya san yadda abin ke tafiya. Yaro ɗaya ne zai yi komai, yawanci ma yarinya ce mai ƙoƙari, ɗaya ya kawo waya da data, biyu su haɗa kuɗin bugawa da fotokopi, sauran sunansu kawai za a rubuta a bango, ranar expoze kowa ya sa wankakken yunifom ya riƙe takarda ya karanto layi uku, prof ya ba su 14 cikin 20 su duka a tashi. Littafin kuwa wallahi wani ko launin bangonsa bai sani ba.

Rukunin ɗan yayata L'Appel de la forêt aka ba su, na Jack London. Littafi ne da ya fito tun 1903 a Amurka, labarin wani ƙaton kare mai suna Buck da ke zaune cikin daula a gidan wani alƙali a Kaliforniya, sai mataimakin mai kula da lambun gidan ya sace shi ya sayar saboda bashin caca. Lokacin an gano zinariya a Klondike can arewacin Kanada, a 1896 aka gano, labari ya bazu a 1897, mutane wajen 100,000 suka kama hanya, ko rabinsu ba su isa ba. Wuri ne na ƙanƙara, ba mota, karnuka ne ke jan kaya, shi ya sa kare mai ƙarfi ya yi tsada har ake satarsa. Shi kansa marubucin ya je can yana ɗan shekara 21, bai samo zinariyar kirki ba sai ciwo, amma ya dawo da labari.

Toh na ji ƙorafin wasu iyaye, wai me ya haɗa yaron da ke gasuwa da zafin watan Afrilu a Garwa da labarin ƙanƙara, kuma duk duniya a rasa abin da za a ba yaran musulmi su karanta sai labarin kare. Na fahimce su amma ban yarda ba. Maganar kare dai, ai mu ne muke karanta hadisin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma littafin nan rabinsa kan zaluntar dabba ne, yadda wani mai jar riga ya dinga jibgar Buck da kulki har ya koya masa cewa mai sanda shi ne mai gaskiya. Yaron da ya karanta wannan babin da hankali, gobe in ya ga ana lafta wa jaki kaya ana dukansa a hanyar kasuwa ba zai kalle shi kamar da ba.

Ita kuma ƙanƙara, ni a ganina mutane suna kallon ƙanƙarar ne suna mance zinariyar. Dan Allah samari nawa muka sani da suka sayar da babur, wani ya ci bashi, wani ya kwashe jarin uwarsa, suka nufi wajen haƙar zinariya? Wasu gabas suka yi wajen Bétaré-Oya da Batouri, wasu suka tsallaka Cadi suka hau har Tibesti, wasu Jado ta Nijar da aka yi rububinta a 2014. A Kouri Bougoudi, kusa da iyakar Libiya, a watan Mayun 2022 faɗa ya ɓarke tsakanin masu haƙar aka kashe mutum wajen 100, hukumar Cadi da kanta ta faɗa. Wannan shi ne Klondike ɗinmu, can sanyi ke kisa, nan ƙishirwa da bindiga da ramin da ke rufta wa mutum. A cikin littafin akwai wasu mutum uku, Hal da Charles da Mercedes, da suka sayi Buck da sauran karnukan, baƙi ne ba su san wurin ba, suka cika kaya fiye da ƙima, suka ɓarnatar da abincin karnukan tun farkon tafiya, da suka iso wajen wani mai neman zinariya, John Thornton, ya ce musu kada su bi ta kan kogin nan ƙanƙarar ta fara narkewa, suka yi kunnen uwar shegu, shi dai ya ƙwace Buck daga hannunsu da ƙarfi, su kuwa suna yin gaba kaɗan ƙanƙarar ta ɓurme da su da sauran karnukan. Ku gaya min tsakani da Allah, wa bai taɓa jin irin wannan labarin ba a majalisa, na wanda direban sahara ya ce masa a ƙara jarkar ruwa ya ce a'a nauyi ne.

Amma fa ko ɗaya daga cikin wannan ba ya fitowa a expoze. Abin da ke fitowa shi ne shekarar haihuwar marubuci 1876, shekarar mutuwarsa 1916, taƙaitaccen labari da aka kwaso daga Wikipedia ko aka sa ChatGPT ya rubuta, sai jerin sunayen taurari, sai hoton kyarkeci da aka buga da kala aka manna. Faransanci mai kauri wanda shi kansa mai karantawar yana tuntuɓe a kansa. Ka tambaye shi me ya sa Buck ya kashe Spitz, karen da ke jagorantar sauran, sai ya waiga yana neman yarinyar nan mai ƙoƙari da ido.

Malamai ku yi haƙuri, na san halin da kuke ciki. Aji ɗaya ya cika ya tumbatsa, wani benci mutum huɗu, ba za ka iya gyara takardar kowa ɗaya bayan ɗaya kowane mako ba, ga programme yana jira, ga jarrabawar Probatoire ko BEPC na tafe, ga littafin ma kwafi ɗaya ko biyu ne a hannun yaran. Aikin rukuni sauƙi ne gare ku na sani. Amma akwai abin da ba ya cin kuɗi. Littafin nan babi bakwai ne kacal, kuma gajere ne, yaro mai niyya zai gama shi cikin mako guda. In rukunin mutum bakwai ne to kowa ya san za a iya tsayar da shi kan kowane babi, ba wanda ya zaɓa ba, prof ya nuna yatsa ya ce kai, rufe takardarka, ba mu labarin abin da ya faru bayan Perrault da François, waɗanda suka fara sa Buck jan kaya, sun rabu da karnukan. Makin kuma a raba shi, wani kaso na rukuni wani na mutum shi kaɗai. Sau ɗaya za a yi haka labari ya zagaye makaranta, shekara mai zuwa ba mai zuwa da sunansa kawai.

Sannan tambayar da ake ba su ita ma a canza ta. Muddin tambayar ita ce ba da tarihin marubuci da jigon littafi, intanet ta riga ta amsa tun kafin a haifi yaran. A ce musu su je su sami mutum ɗaya a unguwa wanda ya san daji da gaske, su zauna da shi su kwatanta abin da ya faɗa da abin da ke cikin littafin. Mutanen nan suna nan birjik. Ga tsofaffin maharba da karnukansu, ga Mbororo da ke kora shanu daga nan har kudu da rani su dawo da damina, ga masunta a Lagdo, ga masu gadin gandun daji na Benuwai da Faro da Waza, ga waɗanda suka ga abin da ya faru a gandun dajin Bouba Ndjida a 2012 lokacin da mahara kan dawakai suka shigo suka karkashe giwaye ɗaruruwa saboda haure. Ga kuma wanda ya je zinariya ya dawo hannu rabbana, shi ma in an je da ladabi zai yi magana. Ba cewa na yi a tura yara daji ba, da halin tsaron da ake ciki ta wajen Waza ko kusa, cikin gari za su same su, wani ma kakan ɗaya daga cikinsu ne.

Kuma a bar su su yi hirar da Hausa ko Fulatanci, su juya ta zuwa Faransanci da kansu, ko da kurakurai. Ni na fi son shafi biyu mai kuskure da yaro ya rubuta da hannunsa kan shafi goma sha biyar da aka ɗaure da spiral wanda ba nasa ba ne. Kuɗin bugawar ma ya huta, don wasu iyayen sai sun ranto suke bayarwa, kuma yaron da bai iya kawo nasa kason ba shi ake fara cirewa daga rukunin ko da shi kaɗai ne ya karanta littafin.

Mu ma iyaye da ƙannen iyaye da laifinmu, yaro ya zo ya ce ana neman kuɗin expoze mu zaro mu miƙa ba tambaya. Ba sai ka iya Faransanci ba, ce masa zauna ka ba ni labarin da Hausa tun daga farko, wa ya saci karen, ina aka kai shi, wa ya mutu, ina ya ƙare. In ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka tukuna, ya je ya aro littafin wajen abokinsa, in kwafi ɗaya ne a rukunin su dinga karɓa-karɓa kwana uku-uku, ai wata guda ake ba su wani lokacin har fiye.